Gado Direba, Mutumin da Ya Koya Mana Kallon Gudu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, 23 ga Oktoba, 2025, muna tsakiyar lodi a kasuwar Shinkafi, waya ta zo daga Kaura Namoda cewa Allah Ya karɓi ran Malam Gado direba da hantsi, a gidansa, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Duk wanda ya san Alhamis ɗin Shinkafi ya san ba ranar da direba ke barin fasinja ba ce. Amma a ranar motoci da yawa sun juyo kujerunsu babu kowa, don kada mu rasa jana'iza.

Gado, ni ne Jibrin, abokin layinka. Shekara ashirin da wani abu muna bin hanya ɗaya, Kaura zuwa Shinkafi, wata rana Zurmi. Na san alherinka tun kafin mutane su san sunanka. A shekarun da hanya ta lalace, kowa na jiran wani ya fara fita da safe, kai ne kake tayar da mota ka ce mu biyo bayanka. Akwai matar nan ta Katuru da naƙuda ta kama a bakin titi, ka ba fasinjojinka haƙuri, ka juya da ita asibiti, ka zauna a waje har aka ce ta sauka lafiya. Irin waɗannan suna da yawa, kuma wasu za su faɗe su fiye da ni. Ni abin da nake so in rubuta shi ne abin da aka daɗe ana yi maka dariya a kansa, har ranar da dariyar ta koma murna.

Gado yana ɗingishi. Hatsarin mota ne ya karya masa cinya, ya kwantar da shi watanni. A wannan kwanciyar ne ya fara ganin gudun fanfalaki a talabijin, gudun nan mai nisa da ake yi a titunan manyan biranen duniya, tazarar da ta kai mutum ya tashi daga Kaura ya nufi Zurmi a ƙafa. Ya tashi daga jinya da ƙafa ɗaya gajera, da son wannan gudu a zuciyarsa. A garin da kowa ke musu a kan ƙwallo, shi sai ya riƙa zuwa gidan kallon Fahad da safiyar Lahadi, yana lallashinsa ya tayar da janareta ya kamo tashar da ake nuna gudu. Da farko mutum uku ne ke zama: shi, da ni don kunyar abota, da Umar mahauci wanda ke zuwa don ya yi gardama. Nan aka laƙaba masa Gado Fanfalaki, kuma bai taɓa jin haushin sunan ba.

Ina tuna ranar da wani ɗan gabashin Afirka ya cinye wannan nisa duka a awa biyu da ɗan abin da ba a rasa ba. Gado ya miƙe tsaye a kan ƙafarsa mai lafiya, hawaye na zuba, yana ta faɗin Allahu Akbar a hankali. Umar ya ce ƙarya ce. Ya ce ko ƙwaya mutumin ya sha, ko takalmin nan mai kauri ne ke wurga shi, ko kuma an taɓa agogon. Da labari ya kai tasha, mutane suka rabu biyu. Wasu suka bi Umar. Wasu kuma suka ce ai ba wani abu ba ne, a talabijin kamar sassarfa mutumin ke yi, su ma za su iya.

Waɗannan na biyun ne suka fi ɓata maka rai, Gado. Ka ce wanda ya ce ƙarya ce aƙalla ya gane abin yana da girma. Washegari ka fito da motarka titi, ka ɗora allurar maleji a kan ashirin da ɗoriya, ka ce wannan shi ne saurin da mutumin ya riƙe tun daga farko har ƙarshe, mai ji da kansa ya biyo ka. Kwandastoci da 'yan kamasho da masu dako suka cire takalma suka bi. Kafin a kai gidan mai na farko, rabinsu sun zube a gefen titi suna haki.

Abin da babu wanda ya yi tunani a cikinmu shi ne yadda gari zai ɗauki abin. A ƙasarmu, shekarun nan, idan aka ga maza da yawa sun kwaso a guje, ma'anarsa ɗaya ce. Mata suka watsar da tallansu, masu shaguna suka ja ƙofofi, wata tsohuwa ta faɗi ta gurɗe ƙafa. Da ka gane abin da ya faru, ka kashe mota, ka bi shago shago da ɗingishinka kana ba da haƙuri, ka kai tsohuwar wurin mai ɗori da kanka. Da yamma ka zauna kusa da ni, ka ce, "Jibrin, dubi inda munka kai. Ba mu san wani gudu ba sai na tsoro. Ni ina so in ga ɗanmu na gudu babu wanda ya biyo shi, mutane na tsaye suna kallo."

A cikin waɗanda suka bi motar a ranar, mutum ɗaya ne bai tsaya ba sai da motar ta tsaya. Sunansa Murtala, ɗan dako ne a tasha, dogo, marar yawan magana. Daga wani ƙauye yake a bayan Birnin Tsaba. Ranar da 'yan bindiga suka shiga ƙauyen, mahaifinsa bai fita da rai ba, shi kuwa ya yi ta gudu cikin gonakin gero har Zurmi. Da Gado ya yi masa maganar gasa, ya ce shi ba ya son gudu, ya bi motar ne kawai don an yi masa tsiya. Gado bai matsa masa ba. Ya riƙa kiransa gidan kallo, yana nuna masa yadda dubban mutane ke cika gefen titi suna tafa wa mai gudu, har da wanda ya zo ƙarshe. A hankali Murtala ya ce zai gwada.

Gado ba koci ba ne, kuma bai taɓa cewa shi koci ba ne. Ya nemo wani tsohon malamin motsa jiki a Gusau ya tsara wa Murtala horo, shi kuwa ya ɗauki aikin rakiya. Bayan sallar asuba zai ja mota a gabansa da farin ƙyalle ɗaure a eriya, yana danna hon sau biyu biyu, don mutane su san lafiya ce. Matarsa Saratu ta riƙa ajiye wa Murtala fura da tuwo kamar ɗan cikinta. Daga baya Murtala ya je Filato, inda gwanayen gudun ƙasar nan suke, ya yi wata da watanni a cikinsu.

Bara aka yi wata babbar gasa a kudu. Murtala ya riga duk 'yan ƙasa isa, da lokacin da babu wanda ya zata daga mutumin da ba a taɓa jin sunansa ba. Mun yi murna a tasha, amma murnar ba ta daɗe ba. A waya, a ƙarƙashin hotonsa, mutane suka yi ta rubuce-rubuce. Wasu suka ce a binciki jininsa, don an san ƙwayar da matasan arewa ke sha. Wasu suka ce hanya ya yanke, ko babur ya hau a tsakiya. Wanda ya fi ciwo shi ne na masu raha, da suka ce ba abin mamaki ba ne, ɗan Zamfara ne, 'yan bindiga suka koya masa, a saka masa babura a baya ma zai fi haka. Dubban mutane suka yi dariya a kan wannan magana. Murtala ya karanta. Ya dawo bai biyo ta tasha ba, ya wuce Zurmi wurin mahaifiyarsa, ya aiko wa Gado da takalmansa a leda.

A lokacin ciwo ya riga ya kama ka, Gado, ƙafafunka sun kumbura, ka daina tuƙi. Ka ce in kai ka Zurmi. Mun sami Murtala a zaure, kansa a ƙasa. Ba ka yi masa wa'azi ba. Ka ajiye ledar a gabansa, ka ce gaskiya ne tsoro ne ya fara nuna masa yana da ƙafa, babu amfanin musun wannan. Amma ka ce tsoro bai tashe shi da asuba shekara biyu ba, shi ya tashi da kansa. Ka ce, "Wanga gudu naka ne, Murtala. Waɗanda sunka kore ka ba su da rabo a ciki, masu dariya ma ba su da shi." Mahaifiyarsa na bayan ƙofa tana ji. Ita ce ta fito ta ɗauki ledar ta ɗora masa a cinya.

Sakamakon gwajin jinin da aka yi wa Murtala bayan gasar ya fito babu komai. Abin mamaki, wanda ya fi kowa yaɗa labarin shi ne Umar mahauci. Mutumin da ya shekara yana cewa ƙwaya ce, shi ne ya sa ɗansa ya riƙa rubuta masa amsa ga duk wanda ya zagi Murtala. Da aka tuna masa maganarsa ta da, ya ce na talabijin bai san su ba, amma wannan a gabansa yake cin tuwo.

A farkon watan nan aka yi gasar da muke jira, wadda baƙi daga ƙasashen waje suka shiga, kuma ana nuna ta kai tsaye. Gidan kallon Fahad bai ɗauki mutane ba, sai da aka fito da talabijin waje. Mata suka taru a gidan Gado wurin Saratu suna kallo a waya. A Shinkafi da Zurmi ma an taru. Mun ɗauko Gado a kujera muka ajiye shi a gaba. Ya rame ƙwarai, muryarsa ba ta fita sosai, amma idonsa bai bar allon ba.

Murtala ya shiga cikin rukunin farko ya ƙi fita. Duk sanda kyamara ta nuno shi, sai wuri ya ɗauki sowa. Can wajen ƙarshe baƙi biyu suka tsere, aka bar shi da wani suna kafaɗa da kafaɗa. Muna gani ya buɗe ƙafa a hankali, ya bar mutumin a baya, ya shiga na uku, agogon da ke saman layi yana nuna ya fi gudunsa na bara sauri ƙwarai. Ban taɓa jin ƙara irin ta ranar a Kaura ba. Direbobi suka ruga motocinsu suka danne hon, na Zurmi suka kira mu suka sa mana tasu ƙarar a waya, Umar ya rabar da tsiren da ya gasa don sayarwa. A waya kuwa, mutanen da suka yi dariya bara su ne ke rubuta cewa ɗan ƙasarmu ne, suna tambayar ina ne Birnin Tsaba. Da mai tambaya ya tare Murtala yana haki, ya ce masa wa zai gode wa, sai Murtala ya ce Allah, sai mahaifiyarsa, sai wani direba a Kaura Namoda da ake kira Baba Gado. Na waiwaya na dube ka. Dariya kake yi, irin wadda na daɗe ban gani a fuskarka ba. Ka kama hannuna ka ce in mayar da kai gida, ka ga abin da kake so ka gani.

Murtala ya dawo ya same ka da rai, ya zauna a gefen gadonka har ranar da ka cika, kuma yana cikin waɗanda suka sa ka a kabari. Yanzu da asuba samari kusan talatin ke fita gudu a Kaura, wasu 'yan gudun hijira ne irinsa. Bayan rasuwarka sun so su canza hanya don kada su dami gidan makoki. Saratu ta aika musu cewa kada su canza, tana so ta riƙa jin ƙarar ƙafafunsu idan sun wuce.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Saratu, da 'ya'yanka Hamida da Khalil da Mubaraka, da Murtala da mahaifiyarsa, da 'yan'uwanmu direbobi na Kaura da Shinkafi da Zurmi. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Ya Allah, ga bawanKa Gado ya zo gare Ka. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, Ka yalwata kabarinsa, Ka saka masa da Aljannar Firdausi. Ka raya zuri'arsa cikin albarka, Ka dawo wa ƙasarmu da zaman lafiyar da ya yi ta roƙo. Idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.

Jibrin Katuru,
Tashar Shinkafi, Kaura Namoda.