Ranar da Na Zama Ankul

A garinmu, can ƙasar Nijar, malamin makarantar boko Mushe ake ce masa. Kalmar Faransanci ce bakin mutanenmu ya lanƙwasa ta har ta zama tamu. Mahaifina ya koyar tun kafin a haife ni, kuma duk garin, yaro da babba, ba wanda ke kiransa da wani suna sai wannan. Inna ma da shi take kiransa, don mace ba ta faɗar sunan mijinta. Ranar da ya rasu ta daina furta kalmar gaba ɗaya.

Ni ne ɗanta na fari, saboda haka nawa sunan ma bai taɓa fitowa daga bakinta ba. In tana nemana sai ta ce "kai," ko ta ce wa ƙanwata, "Kira wancan." Na san kunya ce irin ta al'ada, ba ƙiyayya ba, amma zan faɗi gaskiya, abin yana sosa mini rai tun ina ƙarami.

A shekarar da soja suka koma bariki aka miƙa mulki ga farar hula, kawuna, ƙanin Inna, ya aiko a ce in zo Kaduna. Tela ne a unguwar Makera, kuma wata mai kawo masa ɗinki ta gaya masa ana neman malamin Faransanci a wata makarantar kuɗi da 'ya'yan baƙi na ƙasashe daban-daban ke zuwa. Lokacin na gama koyon aikin malanta ina zaune ba aiki, ga ƙanne a gida. Da safen da zan tafi Inna ta rako ni har zaure, abin da ba ta saba ba. Ta dubi bango, ba ta dube ni ba, ta ce, "Allah shi kiyaye hanya, Mushe."

Na shiga mota ina ta maimaita kalmar a raina har muka ƙetare iyaka, don ban taɓa samun sunan da uwata ta kira ni da shi ba sai ran nan.

Kawu ya karɓe ni a ɗakinsa na bayan shago, inda jiniyar masaƙun Kakuri ke tashin mutum ko bai shirya ba. Yana guge mini riga yana gyara mini baki. "Nan ba a cewa lakwal, makaranta ake cewa. Ba belo ba, keke. In ka ce a ba ka bik, ba mai gane ka, biro ne." Ya bi kalmomi da yawa, Allah ya jiƙansa, amma ya tsallake guda ɗayar da ta fi kamata ya faɗa mini.

Washegari ya ɗora ni a acaɓa zuwa wajajen Unguwar Boro. An yi ruwa da asuba, na isa da taɓo a ƙafar wando. Shugabar makarantar dattijuwa ce 'yar Kudancin Kaduna, kowa Madam yake ce mata. Ta fara yi mini Turanci, da ta ga ina zare ido sai ta rufe ƙofar ofis ta juya Hausa.

"Malam, yau gwaji ne. Zan ba ka aji, zan zo in duba. Rul ɗinmu biyu: ba bulala, ba banakula, wato yaren gida. Hausar nan da nake maka, a ofis kawai. A aji Faransanci, in ya ƙi, Turanci."

Na ce, "To, ranki ya daɗe." Turancin nawa kuwa bai wuce na gaisuwa ba.

Ban taɓa ganin aji irin wannan ba. Fanka na juyawa a sama, kowane yaro da teburinsa. Ga 'ya'yan Indiyawa masu aiki a masaƙa, ga na Kwarori, ga namu baƙaƙe da ba a iya bambance ɗan wane gari ne daga kayan jikinsa. Ba wanda ya sunkuyar da kai, duk ido cikin ido suke kallona. Na gaishe su da Faransanci, suka amsa a hargitse. Sai na dafa ƙirjina na gaya musu yadda za su kira ni. Na faɗe shi yadda muke faɗa a gida, yadda Inna ta faɗa a zaure.

Wata yarinya a layin gaba ta ce da Hausa tsantsa, "Mushe? Irin na bakin bola?" Sai ta juya ta fassara wa na bayanta da Turanci. Dariya ta tashi daga gaba ta bi layi-layi har bango. Wani yaro ya toshe hanci, wani ya kwanta a kan tebur ya sandare ƙafafu kamar mataccen jaki.

Mu ma muna da waccan kalmar ta dabbar da ta mutu ba yanka, amma wallahi ban taɓa haɗa ta da sunan mahaifina ba sai a wannan ɗakin. Raina ya ɓaci matuƙa. Ni mutum ne mai saurin fushi, kuma da a gida ne da na karyo tsumagiya. Na bugi tebur, na manta da dokar Madam, na ɓarke da Hausa. Na ce musu wannan sunan na wani mutum ne da ya ƙarar da rayuwarsa yana koyar da 'ya'yan talakawa a rumfar zana, kuma da aka fito da gawarsa sai da kasuwa ta watse don masu rakiya. Na ce ubana ne. Muryata ta karye a wurin, ban so hakan ba.

Masu jin Hausa suka yi tsit, sauran suka bi su don sun ga fuskata. Yarinyar nan ta sunkuyar da kai ta ce, "Sori sa." Da na waiga, Madam na tsaye a bakin ƙofa, ban san tun yaushe ba. Ta shigo ta zauna a baya. Na ɗauki alli na ci gaba da darasin gaisuwa, ina ji a jikina aiki ya riga ya kufce.

Bayan an tashi ta kira ni ofis. Ta ce, "Ka karya mini rul a ranar farko. Amma na ga yadda ka koyar bayan nan, ka iya aikinka. Allah ya ji ƙan Baba." Sannan ta ƙara da cewa, "Sunan ne ba zai yiwu ba. Yau sun ji tausayi, gobe a filin wasa za su mai da shi waƙa, jibi iyaye su zo su ce mun koya wa yara zagin malami. A nan Ankul ake cewa. In ka yarda, ka dawo gobe."

Na so in yi gardama. Na tuna ƙannena, na tuna Kawu da dutsen gugarsa, na ce na yarda. Na fita ƙofar makarantar nan da aiki a hannu, amma ban yi murna ba ko kaɗan. Na yi shekaru a makarantar, yara sun so ni, ni ma na so su, kuma Ankul suka kira ni har na bari.

Da hutun farko na je gida. Inna ta shimfiɗa mini tabarma, ta ce, "Sannu da hanya, Mushe." Muna cikin hira ta tambaye ni, "Can ma hakanan suka ce maka?"

Na ce a'a, Ankul, wato kawu. Ta ce don mi? Sai na ba ta labarin duka, har da yaron da ya toshe hanci, ina ɗan dariya don a lokacin ciwon ya fara warkewa. Ita ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ce, "Ashe abin da nike kiran ubanku da shi ke nan shekara da shekaru."

Na ce, "Inna, ai ba ɗaya ba ne, can ne kawai." Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da kwanon sha ta ajiye a gabana. Har Allah ya karɓi ranta ba ta sake furta sunan ba, kuma har yau ina kewarsa. Abin da ta ce ran nan shi ne, "Kai, ga ruwa."