Wata Biyar Ina Amsa Sunan Mamaci

Na sha wahala a Dubai, kuma ba irin wadda ake ba da labarinta ana dariya ba. Shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar kwali a wani sito da ke unguwar masana'antu ta DIP, bayana ya ƙare, furfura ta fito mini tun lokacinta bai yi ba. Duk wannan na manta rabinsa. Abin da ya ƙi barina shi ne wata biyar da na yi ina buga wasan da ban iya ba, da sunan mutumin da ni na kama ƙafafunsa aka saka gawarsa a mota. Wannan kam ba mantuwa, sai dai a binne ni da shi.

Yawancin abokan aikina 'yan Filifin ne, suna da wani wasa wai shi besbol. In sanyi ya shigo, duk Lahadi da safe sai su taru a wani fili mai yashi da tsakuwa a bayan sito, ƙungiya-ƙungiya daga kamfanoni. Wasan ba wani abu ba ne: wani ya jefo maka ƙwallo mai taurin dutse, ka doke ta da kulki, ka sheƙa zuwa wani buhu da aka ajiye can gaba kafin a tsinto ta a riga ka kaiwa. In ka isa, ka ci. Akwai mai littafi, yana rubuta sau nawa ka shiga, sau nawa ka ci. Mai cin uku cikin goma gwani ne. Huɗu cikin goma kuwa, tun da suka fara wasan a filin nan ba a taɓa samun wanda ya ƙare kakar wasa da shi ba.

Mamacin da nake magana a kansa ɗan Filifin ne, direban fokalif, motar nan mai ɗaga kaya a sito, gajere, bahago, kusan sa'ana. Ba abota muke ba. Gaisuwa ce, wani lokaci ya miƙo mini ayaba. A shekarar wasa biyar ya buga, yana cin kusan rabi, kowa na cewa bana za a ga abin da ba a taɓa gani ba. Ranar wata Talata da hantsi ya kashe fokalif, ya sauko, ya zauna a kan katako ya ce kansa na juyawa. Kafin motar asibiti ta iso ya cika.

Bayan kwana goma kyaftin ɗinsu, wanda shi ne kuma shugabanmu a wajen lodi, ya tare ni a bakin ƙofa.

"Najeriya," haka suke kirana, "Lahadi me kake yi?"

Na ce, "Barci."

"Barci zai jira. Na ga yadda kake farfasa katako da guduma."

"Faskare na yi shekara tara a Kano. Ba wasa na yi ba."

"Shi ke nan, ai duka ne. Yalla, zo mana, rana ɗaya kawai."

A nan ya faɗa mini ƙa'idarsu. Sunan da ya shiga littafi a farkon kaka ba a soke shi. Saboda a garin nan mutum yana nan yau, gobe bizarsa ta ƙare ya tafi, sai suka yi doka cewa wani yana iya maye gurbinsa, amma da sunan na farkon zai buga, duk abin da ya ci a kan sunan za a rubuta. Don masu komawa gida aka yi dokar. Ba wanda ya yi tunanin mutuwa. Kuma sai suna ya shiga sau ɗari kafin a yarda da lissafinsa, shi kuwa ashirin ya yi. Suna son a cike masa, in an dace a aika wa matarsa kofin gwanin kaka da sunan mijinta a jiki. Sai daga baya na gane duk 'yan ƙasarsu an tambaye su sun ƙi. Ni ne wawan da bai tambayi dalili ba.

Aka ba ni rigarsa, ta tsaya mini a cibiya. Aka ba ni kulkinsa, mariƙin ya yi baƙi da gumi. Shigar farko na tsaya ta dama yadda jikina ya saba, na kai duka uku, duk iska na doka, aka fitar da ni, don uku ne iyaka. Ta biyu ma haka. Har 'yan Pakistan da suka zo kallo suna riƙe ciki.

A ta uku mai littafi ya kira sunan, na miƙe. Wallahi ban san lokacin da na zagaya ta bayan alƙalin wasa na tsaya a ɗaya gefen ba, gefen bahago. Na ƙwanƙwasa kulkin a dunduniyar takalmina sau biyu, na taɓa kunnena. Da ƙwallon ta taho sai na gan ta a hankali, kamar miƙo mini ita ake yi, har jan zaren ɗinkinta ina gani. Tas! Ta haye kan kowa ta faɗi gindin katanga. Na isa buhu ina haki, ina jiran tafi. Ba wanda ya tafa. Mai cafe ƙwallo na ɗaya ƙungiyar ya cire ƙarfen fuskarsa, ya yi alamar addininsu a ƙirji.

Kyaftin ya zo, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Wa ya nuna maka takalmi da kunne?"

"Wane kunne?"

"Haka yake yi. Duk shiga."

Ni kuwa ban taɓa zuwa filin ba sai ranar. Ban taɓa ganin mutumin da kulki a hannu ba.

Daga nan rana ɗaya ta zama kaka guda. Mutanen nan suna da camfi: in abu yana tafiya ba a canja komai. Riga ita ce, kulki shi ne, wurin zama a benci shi ne, kuma kusa da ni su ajiye robar ruwa da ba mai sha. Kada kuma ka ɗauka ci yake zuwa a banza. Kwana shida ina lodi, rana ta bakwai in tsaya a gaban samarin da na haifi kamarsu suna jifa da iya ƙarfinsu. In na yi Lahadi biyu ba ci, sai mai littafi ya zo da biro a bayan kunne ya ce mun gangaro ƙasa da huɗu, fuskarsa kamar ni na kashe mutumin. Da sannu na gano yadda abin yake. Duk ranar da na sa hankalina na ce bari in auna ƙwallon nan, sai in doki iska. Ranar da na saki jiki, na ja baya a cikin kaina na bar hannu ya yi abin da ya ga dama, sai ci. To sai na riƙa saki. Kuma gwargwadon sakin da na yi a fili, gwargwadon yadda abin yake biyo ni gida.

Duk Lahadi bayan wasa nakan hau jirgin ƙasa zuwa unguwar Abu Hail, gidan wani dattijo ɗan Kano mai harkar kargo, wato aika kaya gida, mu taru mu ci tuwo. Wata rana muna zagaye da faranti sai na ji dattijon ya buge mini hannu.

"Kai Malam! Da hagu? A gabana?"

Na duba. Loma ce a hannuna na hagu, ta kusa baki, kuma ba ita ce ta farko ba. Yaran shagonsa suka fashe da dariya, ɗaya ya ce, "Baba Alhaji ƙyale shi, ya zama ɗan Filifin." Ni ban yi dariya ba. Na tashi na wanke hannu, tuwon ya fita raina.

Sai gwiwata ta hagu ta fara ciwo, ba faɗuwa ba bugewa. Ban faɗa wa kowa ba, ban ko ɗingisa ba don kada a rage mini aiki. Wajen wata na huɗu kyaftin ya yi wa matar mamacin kiran bidiyo a waya muna fili, ashe duk mako yana tura mata bidiyon wasan. Ya miƙo mini. Mace ce siririya, zaune a ƙofar gida, kaji na yawo a bayanta. Ta ƙare mini kallo, sannan ta yi magana da yarensu. Na juya wajen kyaftin. Na ce ya faɗa mini.

"Ta ce ta gode. Ta ce in ka juya baya ba ta iya kallo, mijinta take gani." Ya ƙara da cewa, "Kuma wai, gwiwar ta hagu tana nan tana damun ka? Ka riƙa ɗaure ta in sanyi ya yi."

Ni Musulmi ne. Na san wanda ya mutu ya tafi, ba ya dawowa ya shiga jikin wani. Na faɗa wa kaina haka ya fi sau ɗari. Amma saura kwana uku wasan ƙarshe, direban wata tirela ya miƙo mini takardar karɓar kaya, na sa hannu na mayar masa ina magana da wani. Ya duba, ya dube ni, ya ce, "Habibi, abokina, wannan ne sunanka?" Ni aji huɗu na yi a firamare, sa hannuna wani ƙugiya ne da layi a ƙasa. Abin da ke kan takardar rubutu ne mai kyau, haɗe da juna, a karkace. Sunan mamacin ne cikakke, har da na tsakiya wanda ban taɓa ji ba. Biron yana hannuna na hagu.

Na kira Baba Alhaji na zayyana masa komai. Bai yi mini wa'azi mai tsawo ba. Ya ce, "Ko shaiɗan ne, ko kanka ne, ni ban sani ba. Amma kai ka buɗe ƙofar. Wata biyar ana kiran wani kana cewa na'am. Ubanka ya yanka rago ya raɗa maka suna, ka ajiye shi ka ɗauki na wani. Kada ka koma filin nan. Khalas, magana ta ƙare."

Na koma. Na riga na ga fuskar matar nan, ba zan iya ƙin zuwa ba.

Ranar sararin sama ya yi fari fat, ba iska ko kaɗan. Na shiga sau uku, na ci ɗaya. Kafin ta huɗu mai littafi ya zo da lissafi: an shiga da sunan sau casa'in da tara, an ci talatin da tara. In na ci wannan, huɗu cikin goma cif. In na faɗi, wata biyar sun tafi a iska. Na san kuma in na saki jiki zan ci. Ina jin abin a kafaɗata yana jira, kamar mutum ya tsaya daf da bayanka a layi. Abin da ban sani ba shi ne in na sake ba shi wuri, wa zai koma ɗaki ranar.

Mai littafi ya kira sunan. Na zauna. Ya sake kira. Gwiwata ta motsa da kanta za ta miƙe, na danne ta da hannu biyu.

Kyaftin ya durƙuso. "Najeriya, don Allah. Saura ɗaya."

Na ce, "Ku rubuta abin da kuka ga dama a littafinku. Amma da sunana za a kira ni."

Suka kalli juna. Shekara da shekaru muna aiki tare, ba ko ɗaya da ya san shi. Sai na miƙe na faɗe shi da kaina, da ƙarfi, nawa da na mahaifina. Mai littafi ya maimaita, ya karya shi gida uku, na ce, "Na'am."

Ina faɗin haka kafaɗata ta zama wayam. Na ɗauki kulkin na ji shi baƙo, itace kawai. Na tsaya ta dama. Ƙwallo ta farko ban ma gan ta ba, sai ƙararta a hannun mai cafewa. Ta biyu na doki iska har na kusa faɗuwa. Filin ya yi tsit, ana jin injin sanyaya sito daga nesa. A ta uku na yi bisimilla, na ɗaga kulkin na sauke shi daga sama yadda nake sauke gatari a kan gungume. Duka mai muni. Ƙwallon ta nutsa a yashi, ta yi tsalle ɗaya, ta gangara a hankali tsakanin mai jifa da na gefensa, kowa yana zaton ɗayan zai ɗauka. Na ruga da ƙafafun ɗan shekara arba'in da bakwai, na faɗa kan buhun da ƙirji, bakina cike da yashi. Alƙali ya ware hannuwa. Na isa.

Suna ihu, wasu na kuka. Ina kwance na juya kaina wajen benci. Robar ruwan nan da ba mai taɓawa tana kwance a gefe, murfin a buɗe, ruwan na tsiyaya cikin yashi. Kowa yana cikin fili. Na faɗa muku ba iska ranar.

Ban san mene ne ba, kuma na daina tambaya. Abin da na koya dai guda ne: a ƙasar mutane za a kira ka da sunan ƙasarka, da lambar katinka, da duk abin da ya zo baki, kai kuma ka amsa don a zauna lafiya. Amma sunan wani ba riga ba ne da za ka ara ka cire. In za ka taimaki mutum, taimake shi da naka, ko da dukan zai fito da muni.

Washegari da safe na wanke rigar, na naɗe kulkin a cikinta, na sa a kwali tare da kofin na liƙe, na kai wa kyaftin ya aika mata. Na sha shayi da hannun dama. Gwiwar shiru. Da na shiga sito wani ya ƙwala sunan mamacin daga can bayan kwalaye, ko tsokana ce ko mene ne, ban sani ba. Ban waiwaya ba. Na ɗauki kwalina na wuce.