Surukina da tsuntsun ƙasar Turawa

Jiya bayan la'asar, a zaurena na Zaitawa, na jera haruffa bakwai a kan allon wasan haɗa kalmomin Turanci: FANDLOP. Wallahi ni na ƙirƙiro ta nan take, don zuciyata ta daɗe tana zargin wani abu.

Likita ne ya ce in riƙa motsa ƙwaƙwalwa, saboda mantuwa ta fara yi mini sallama. Shi ne na tilasta wa Malam Nura, mijin 'yata, malamin Turanci, ya riƙa zuwa muna bugawa. Tun da muka fara kullum ni ke cinye shi, har ina yi wa Hajiya alfahari cewa kaina garau yake.

Ya dubi kalmar, ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Malam Nura, akwai ta kuwa?"

"Akwai ta, Baba."

"To, mece ce ma'anarta?"

Ya gyara zaman hularsa. "Wani irin tsuntsu ne, Baba. A ƙasar Turawa yake, ba ya zuwa nan."

"Har ka san launinsa ke nan?"

"Toka-toka, Allah ya ƙara maka lafiya."

Jama'a! Mutum da digirinsa ya zauna ya yi wa ƙaryata fukafukai, don kada a ce ya ƙaryata suruki. Ashe duk cin nan sadaka ake ba ni.

Don Allah, wanda ya iya wasan nan kuma bai auri kowa a gidana ba, ya yi magana a ƙasa. Mara kunya nake nema.