Makullin da Alhaji Ya Ajiye a Bakina

Abubuwa da yawa sun zube daga kaina kamar gero daga tsohon buhu, amma ranar da na sa wa kayan miya hula a gaban 'ya'yana da jikokina, wannan kam sai dai a binne ni da ita. Ban yi boko ba. Jikata ce ke rubutawa, ni kuwa ina faɗa, kuma na gargaɗe ta kada ta ƙara gishiri.

Ita wannan jika tawa aikin kwamfuta take yi a Sakkwato. Wata shekara ta zo mana Illela da wani ɗan akwati baƙi, bai fi sabulun wanka ba. Ta ce a ciki za ta tara hotunan gidanmu da muryar kakanta, mai gidana, da labaran fataucin albasarsa zuwa Ƙonni, da addu'ar da ya ce a sa wa kowace jika ranar aurenta. Ta zauna a tabarma tana latse-latse, tana yi mana bayani: wai akwatin da makullinsa a jikinsa aka ƙera shi, ita kawai za ta gaya wa kwamfuta ta yi aiki da wannan makullin, ta bar nata. Duk abin da ya shiga, akwatin zai dagula shi kamar an dama fura, ba mai gane kansa sai mai kalmar sirri.

Alhaji, mai gidan nawa, ya ce shi zai zaɓi kalmar. Ya iya haruffan boko kaɗan saboda kasuwa. Ya sa yarinyar ta juya baya, ya latsa da yatsa ɗaya yana cije leɓe. Kwamfuta ta ce a ajiye mabuɗi na biyu saboda mantuwa, ya ce a'a.

"Ƙofa mai mabuɗi biyu ta ɓarawo ce. Sunan da innata ke kirana da shi ina jinjiri na sa. Duniyar ga mu biyu munka san shi, ni da tsohuwar ga."

Ya kalle ni yana murmushi. Ni ban ga abin dariya ba. Tun da aka kai ni gidansa bakina bai taɓa kama sunansa ba, na yanka ko na wasa. Haka uwata ta yi, haka tata uwar.

Allah Ya yi wa Alhaji rasuwa, shekaru suka shuɗe, auren yarinyar ya zo. Ana gobe ɗaurin aure, da hantsi, ta jona akwatin don a ji addu'ar kakanta. Akwati ya ce kalma. Duk ido ya dawo kaina.

Babban ɗana, uban amarya, ya durƙusa. "Inna, ki taimaka. Sau guda ɗai."

Na ce, "Mi? Ni? Da hurhurata?"

Suka fara gwadawa da ka. Suka sa sunansa na yanka, ya ƙi. Suka sa kirarin da 'yan kasuwa ke yi masa, ya ƙi. Yarinyar ta ɗaga hannu ta ce a tsaya, irin wannan akwatin in aka cika yi masa ƙarya, shafe cikinsa yake yi gaba ɗaya. Aka ɗauko wani mai gyara daga bakin iyaka. Ya jujjuya shi, ya ce ko ya fasa shi da guduma furar nan zai tarar, don makullin a cikin ƙashinsa yake. Ya sha kunu ya tafi. Aka kira liman. Ya ce, "Hajiya, babu zunubi a ciki." Na ce, "Allah gafarta malam, ai ban ce zunubi ba ne. Kunya ce."

Suka ce to in kwatanta. Na miƙe, na kumbura kumatu, na zagaya hannuwa. Wani ya ce tulu. Wata ta ce ganga. Ɗana, wanda na goya da bayan nan nawa, ya ce, "Kwaɗo?" Kafin a hana shi har ya latsa. Yarinyar ta fashe da kuka, ta ce gwaji ɗaya ya rage.

Kukan nan ne ya tashe ni. Na ja mayafi, na tare ɗan kabu-kabu, ni da ban taɓa hawa babur ba. Har kasuwa ina salati ina riƙe da rigarsa. Na zaɓi babba a cikin abar nan mai jan ciki, mai yaɗo bisa danga, wadda ake miyar taushe da ita. Na dawo da ita a ka. Na ajiye ta a kan buzun Alhaji, na ɗauko hularsa na kafa mata, na koma gefe na zauna.

Can ɗana ya dafe kai. "Wayyo! Shi ya sa tun muna yara Inna ke ce mata jar miya!" Jikata ta faɗi sunan da ƙarfi, mata suka zube da dariya, har da masu daka. Yanzu ma ta ce sai ta rubuta shi. Na ce hannunta ne, ba bakina ba: Kabewa. Wai da ƙaton kai aka haife shi.

Ta latsa, akwati ya buɗe. Muryar farko da ta fito ba addu'a ba ce. Alhaji ne yana ƙyaƙyata dariya: "In kuna jin wanga, to tsohuwa ta hwaɗi sunana. Na ci!"

Na gyara zama na ce, "Ba ka ci ba, Alhaji."

Sannan addu'ar ta biyo, muka shafa da hawaye. Da yamma yarinyar ta canza kalma, ta ajiye mabuɗi na biyu wurin ubanta. Abar kuwa ta shiga miyar biki, amma ni ban iya ci ba.

Abin da na koya shi ne, in za ka ba mutum ajiyar mabuɗi, fara duba ko bakinsa na buɗuwa. Kuma kada ka yarda an gama wasa da tsoho don kawai an kai shi makwanci.