Rabe Mai Lasifika Ya Ƙi Zaman Ofis

Rabe mutumin Ƙarfi ne, kuma tun yana saurayi aka san shi da murya. In ya tsaya a bakin gonarsu ya ƙwala wa ƙanensa kira, sai masu noma a gonakin maƙwabta su ɗago kai. Ya yi noman masara, ya taɓa acaɓa tsakanin Ƙarfi da Malumfashi, amma babu sana'ar da ta kwanta masa a rai sai da wani kamfanin talla a Funtuwa ya ɗauke shi aiki.

Kamfanin ba ya ƙera komai. Masu kaya ne ke kawo hajarsu, irin shuka ko sabulu ko buhun adana wake, shi kuma ya zaga da ita kasuwanni ya sanar da jama'a. Aka ba Rabe lasifika, aka haɗa shi da direba mai suna Awaisu. Ranar kasuwar Bakori, kafin motar ta gama tsayawa ya fara gaishe da mutane da sunayensu. Ya tsokani mahauta, ya tambayi mai tattasai jikin tsohuwarsa, sai an yi dariya an taru sannan ya ɗaga abin da ya kawo.

Hali ɗaya gare shi: ba ya yabon abin da bai gwada ba. Duk sabon kaya sai ya fara kai shi gida. Matarsa Hansai har ta saba, da ta ji sallamarsa sai ta ce, "Malam, yau kuma me za a gwada a kanmu?" Wata rana sabulun wanki ya ƙi kumfa a ruwan rijiyarsu. Washegari Rabe ya ajiye shi gaban shugabar kamfanin, Hajiya Amatullah.

"Hajiya, wannan bakina ba zai iya ɗaukarsa ba. Hansai ta cuɗa har hannunta ya gaji."

Hajiya ta sa aka kawo ruwa a bokiti, ta naɗe hannun riga ta gwada da kanta, sannan ta fashe da dariya. Aka mayar wa masu sabulun kayansu su gyara. Daga ranar Rabe ya riƙa faɗa wa kowa cewa ya sami wurin aikin da ake jin maganar mutum.

Da shekaru suka tura, Hajiya ta ƙara masa girma. Aka ba shi ofis da kujera mai juyawa da fanka, aka ce shi zai riƙa tsara wa masu fita kasuwa inda za su. Hansai ta yi waina ta raba wa maƙwabta. Rabe ya yi godiya, ya ɗinka sabuwar riga, ya zauna.

Zaman ne bai karɓe shi ba. In motoci suka fita da safe sai ya tsaya a taga yana binsu da kallo. Ya rage ci, ya rage magana. In Awaisu ya dawo da yamma, Rabe zai tare shi tun a ƙofa: "Wa ka gani? An tambaye ni?"

Hajiya ta lura. Ta same shi wata rana ya yi tagumi, fanka tana ta kaɗa masa hula.

"Malam Rabe, lafiya? Ko albashin ne bai yi ba?"

"Ranki ya daɗe, albashi ya yi, kujera ma ta yi. Amma tun safe bango kawai na gaisar, shi kuma bai amsa ba."

Hajiya ta ce ita a zatonta hutu ta ba shi. Suka zauna suka daidaita. Girman nan nasa ne, ba za a karɓe ba, sai dai a kasuwa zai riƙe shi: duk sabon ma'aikaci sai ya bi Rabe ya koyi yadda ake yi wa jama'a magana.

Cikin waɗanda suka fara binsa har da Mansura, 'yar Matazu, wadda ta gama makaranta a Katsina amma kunya ke hana ta buɗe baki a taro. Rabe bai matsa mata ba. Ya ce ta bar dandalin, ta shiga gidaje ta nuna wa mata yadda ake ɗaure buhun wake don kada ƙwari su shiga. Kafin kaka ta wuce, matan aure sun fara aiko yara su tare motar, a tambaya ko Mansura ta zo.

Yanzu in suka dawo daga kasuwa, a hanya sukan tsaya su sayi rake. Awaisu na tuƙi, Mansura na ba da labarin tsohuwar da ta hana ta fita sai da ta ci tuwo, Rabe kuwa muryarsa ta dushe, yana dariya yana neman wanda zai miƙo masa ruwa.