Takarda Ɗaya a Akwatin Fitila

Ban taɓa zama jarumi ba, duk wanda ya ce muku na taɓa, bai san ni ba. Sau ɗaya na gwada, a zaɓen ɗan majalisar gunduma da aka yi jim kaɗan bayan samun mulkin kai, kuma wani ne ya ɗauki nauyin abin da na jawo.

Ƙauyenmu yana bakin kogin Kwara, dab da iyaka, idan zakara ya yi cara a Dahome muna ji. Daga can mahaifina ya ƙetaro yana saurayi, maigarin wancan zamani ya ara masa fadama. A cikinta na tashi ina noman shinkafa, ranar kasuwar Lolo kuma in yi fito da jirgi. Da fadamar nake ciyar da matata da 'ya'ya huɗu. Amma sunanta aro, kuma duk ranar da ran maigari ya ɓaci sai ya tuna mini daga ina ubana ya fito.

Mutum biyu suka tsaya takara. Akwai ɗan 'yar'uwar maigari, alamarsa damin shinkafa. Akwai kuma wani tela daga Kaoje, siriri mai yawan magana, alamarsa fitila. Na taɓa ƙetarar da telan, a tsakiyar ruwa ya ce idan ya shiga majalisa zai nemi duk gonar aro da uba ya noma, ɗa ya noma, ta zama ta mai nomanta. Maganar ta zauna mini a ciki. Da na kai maganar bakin ruwa, masu jirage duk suka ce fitila za su yi, har da masu bugun ƙirji. Maigari kuwa ya tara mu ya ce dami, bai ƙara kalma ba.

Ranar zaɓe aka kewaye wani wuri da zana, akwati biyu a ciki. Mata ba a ba su takarda a lokacin, maza ne kawai muka yi layi. Malamin zaɓe ya ce babu mai ganin mutum sai Allah. Na shiga, na jefa tawa a akwatin fitila, na fito ina jin kaina wani babban mutum. A lissafina takardata za ta ɓace cikin na abokaina kamar ƙwayar shinkafa a masussuka.

Bayan kwana uku, da hantsi, ɗan aike ya iso daga Bagudo a kan keke. Aka taru gindin tsamiya, ya karanta sakamako gari gari. Dami ya ci ko'ina, wannan bai ba kowa mamaki ba. Da ya zo kan ƙauyenmu ya ce duk takardu na dami ne, ban da guda ɗaya da aka samu a akwatin fitila.

Na dubi masu bugun ƙirjin nan, kowa ya sami abin kallo a yatsun ƙafarsa. Maigari bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi an kunyata shi a gaban manya, don haka ranar Juma'a bayan an sauko kowane magidanci zai dafa Alƙur'ani ya rantse ba shi ba ne. Wanda aka samu kuwa, ƙasar da yake nomawa ta gari ce, ya san inda ya fito. Bai dube ni ba da ya faɗi haka, wannan ya fi tsorata ni.

Kwana huɗu ne tsakani, ban san yadda na yi su ba. Idan na rantse a kan ƙarya, mun ga yadda masu yin haka suke ƙarewa, kuma akwai kwanciyar kabari. Idan na faɗi gaskiya, shinkafar da ta fara fitar da kai wani zai yanke, ni kuma in kwashi yara mu nufi ƙasar da ban san kowa ba. Na daina cin tuwo. Duk wanda ya yi sallama a ƙofar gida sai in zaci daga wurin maigari yake. Har akuyar maƙwabci da ta ture zana ta sa na miƙe tsaye. Matata ba ta tambaye ni komai ba, tana dai ɗauke kwano kamar yadda ta ajiye shi. Ranar Laraba ta ce za ta je gaida mahaifinta.

Surukina tsohon masunci ne, shi ne mafi tsufa a garin, yana da 'yar gona kusa da tawa. Tun da na auri 'yarsa ba mu taɓa haɗa ido ba, balle ci tare. In na hango shi sai in cire takalmi in durƙusa, ya amsa yana kallon gefe. Duk maganar da muka yi a shekara goma ba ta wuce gaisuwa ba.

Ranar Juma'a liman ya shimfiɗa buzu a ƙofar masallaci, ya ajiye Littafin a kai. Na yi alwala, kuma har lokacin ban san abin da zan yi ba. A al'adarmu babba ake fara kira, sai aka kira surukina. Ya taso da sandarsa, ya tsaya nesa da buzun.

“Ranka ya daɗe, kada a wahal da mutane,” in ji shi. “Ni nis sa ta ga hitila.”

Maigari ya ce to ya dafa ya rantse cewa shi ne. Liman ya girgiza kai ya ce ba haka shari'a take ba, wanda ya musa ake rantsarwa, wanda ya amsa laifi da bakinsa an gama da shi. Tsohon ya san da haka, ya sha zaman sauraron shari'a. Aka naɗe Littafin. Ni kuwa ina tsaye a cikin mutane, ban fito na ce ni ne ba. Abin da na ji a lokacin sauƙi ne, kuma kunyar wannan sauƙin ba ta bar ni ba har yau.

Aka karɓe gonarsa. Mutane suka daina zama a inuwarsa don kada a gan su. Bayan sati biyu ya ce zai koma wurin ƙanensa a Dahome, kuma ya aiko cewa jirgina yake so. Da safe na ɗora tabarmarsa da tarunsa da buta, ya zauna a gaba ya ba ni baya. Ruwa ya cika sosai a shekarar, muna ta ratsa gonakin da ya shanye. Sai da muka wuce fadamata na iya buɗe baki.

“Baba, ni ne fa.”

“Na sani. Ɗiyata ta ce ba ka cin tuwo.” Bai juyo ba. “Jikokina huɗu ka ci cikin hwadamar ga. Ni bakina guda na.”

Na ce to ya yafe mini, ni matsoraci ne. Ya yi 'yar dariya, karo na farko da na ji dariyarsa kusa.

“Kai ka ce haka? Tawa ga dami nis sa ta. Na tsaya gaban hitilar nan har malamin zaɓe ya yi tari, na kasa.”

Da muka isa na durƙusa a cikin taɓo, ya karɓi butarsa ya hau tudu. A can ya rasu bayan damina biyu, labari bai iso mu ba sai da aka yi bakwai. Fadamar tana nan, jikokinsa ke noma ta. Har gobe idan ana hira a garin, ana cewa tsohon nan shi kaɗai ya yi fitila, ni kuma ina zaune ina ji.