Wata biyu kunnen Ummi yana zuba, ina gogewa da auduga

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan ban ce komai a nan ba. Waɗanda suka turo saƙo ban amsa ba, ku yi haƙuri. Ƙarfin bayani ne ba ni da shi. Yau ma daurewa na yi.

'Yata Ummi ce ba lafiya. Shekararta biyar.

Da mura abin ya fara. Bayan kwana biyu ta riƙa jan kunnenta na hagu tana kuka. Da na taso daga ofis na biya kemis a nan Mararaba, aka ba ni maganin ɗigawa. A kwana na uku ruwa mai wari ya ɓalle daga kunnen, ciwon ya tsaya cak. Wallahi daɗi na ji. Na ce wa babanta, "Shi ke nan, dattin ya fita."

Ruwan bai daina zuba ba. Wata biyu ina gogewa da auduga ina kai ta makaranta.

Sai ciwon kai, sai amai da safe, sai zazzaɓi mai tafiya ya dawo. Sau biyu muna yin maganin maleriya. Maƙwabciyata Maman Blessing ce ta tsayar da ni a bakin famfo ta ce, "Maman Ummi, tafiyan yarinyan nan ba daidai ba. Yana tangaɗi. Kai shi babban asibiti."

Washegari muka kama hanyar cikin gari. Kun san cunkoson Nyanya da safe. A nan, a kan cinyata, Ummi ta sandare, idanunta suka juye, jikinta ya hau karkarwa. Babanta yana ta hon, babu inda mota za ta motsa. Ban san me na riƙa faɗa ba. Shi ya ce sunanta kawai nake kira.

A asibiti aka ɗebi jini, aka yi hoton kai. Likitan ya tambaye ni, "Hajiya, tun yaushe kunnen nan yake zuba?" Na faɗa masa. Bai yi mini faɗa ba, rubutu kawai ya ci gaba da yi. Da ma faɗan ya yi.

Ya ce tsakanin cikin kunne da ƙwaƙwalwa ƙashi ne ɗan siriri. Cutar ta ratsa shi, mugunya ta taru a cikin kanta. Sai an yi tiyata, kuma ba za a jira ba.

Babanta ne ya sa hannu a takardar tiyatar. Aka aske kitson da na yi mata ranar Lahadi. Awa biyar muna zaune a benci.

Alhamdulillah ta farka. Amma farkawar ba ita ce ƙarshe ba. Sati shida muna kwance ana allura ta jijiya, har aka rasa inda za a soka a hannu aka koma ƙafa. Da ta hango masu farin kaya sai ta ƙanƙame ni ta ce, "Mama, ki ce musu na warke." Motar babanta a wannan jinyar ta tafi.

Yanzu muna gida. Tana tafiya, tana ɗan jan ƙafa, muna zuwa asibiti gashin ƙashi sau biyu a sati. Tana shan maganin farfaɗiya safe da yamma. Kunnen hagu ba ya ji, sun ce da wuya ya dawo. Mutane suna cewa in gode wa Allah. Ina godewa, wallahi. Gajiya ce dai har cikin ƙashina, kuma har yau ko tari ta yi sai gabana ya faɗi.

Likitoci da nas-nas, Maman Blessing, abokan aikina da suka riƙe mini teburina, Allah Ya saka muku da alheri.

Iyaye, in kunnen yaro yana zuba, ba warkewa ba ce ko da ya daina kuka. Ku kai shi likita ya leƙa ciki, kada ku tsaya a kemis. In an rubuta magani ku ƙarasa shi. In ciwon kai, amai, sanƙarewar wuya ko tangaɗi ya biyo baya, ranar za ku tafi, ba gobe ba.

Ummi za ta koma makaranta sati mai zuwa in sha Allah. In kun kira ta ba ta juyo ba, ba rashin kunya ba ne. Ku zagayo ta damanta.